Asali da Zama Ɗan Ƙasa a Yammacin Kano: Daga Askar Wanzami zuwa Takardar Indijin

Kalmar ɗan ƙasa a bakin Bahaushen yau tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. A wani lokaci tana nufin mutumin da tsarin mulki ya yarda cewa ɗan Najeriya ne, wanda yake da ikon jefa ƙuri'a da riƙe fasfo da zama a duk inda ya ga dama cikin tarayya. A wani lokacin kuma tana nufin ɗan asalin wuri, wato wanda kaburburan kakanninsa suke a garin, wanda ake bambanta shi da baƙo ko da kuwa baƙon a nan aka yanke masa cibiya. Wannan sharhi zai bi sawun yadda ma'anonin biyu suka haɗu a kalma guda, kuma zai tsaya a Getso da maƙwabtanta na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, domin yanki ne da ya daɗe a bakin iyakar Kano da Katsina, kuma a bakin iyaka ne tambayar wane ne ɗan gida take fi yin kaifi.

Matashin Getso da yake neman shiga aikin soja ko na ɗan sanda, ko gurbin karatu a jami'a, ko tallafin karatu na jiha, ya san cewa katin zaɓe da lambar shaidar ɗan ƙasa ba za su wadatar da shi ba sai ya haɗa da takardar da kowa yake kira indijin, wato shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumar Gwarzo ne. Hanyar samunta sananniya ce: ya ɗauki fom da ƙananan hotuna, ya fara da mai unguwa, daga nan ya wuce wurin dagaci, sannan hakimi, kafin sakateriyar ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Abin lura shi ne tambayar da mai unguwa yake yi idan bai gane fuskar yaron ba, domin ba ya tambayar shekara nawa ya yi a garin ko wace sana'a yake yi, abin da yake cewa kawai shi ne, "Kai ɗan gidan wane ne?" Idan yaron ya ambaci kakansa, mai unguwa ya tuna gonar kakan da zaurensa, magana ta ƙare, sai sa hannu. A wannan ɗan taƙaitaccen zama a kan tabarma doka ta zamani, wadda aka rubuta da Turanci a Legas da Abuja, take dogara kacokan ga ƙwaƙwalwar dattijo ɗaya, kuma a nan ne tsohon tunani game da asali yake shiga cikin sabon tsarin zama ɗan ƙasa.

Kafin zuwan takarda, fuska ce takarda. Wanzami yakan yi wa jariri tsagar gado a kwanakinsa na farko, ta yadda idan ya girma ya shiga kasuwar da ba a san shi ba, zanen kumatunsa zai sanar cewa Bagobiri ne ko Babarbare ko ɗan wani gida sananne, kuma a zamanin da ake kama mutane a kan hanya a sayar, wannan zane yana iya zama sanadin fansa. Sunan da mutum yake amsawa a lokacin ya fi jingina ga ƙasa da sarkinta: Bakano, Bakatsine, Bazazzagi, Badauri. Hausa harshe ne da salon rayuwa da suka haɗa su, amma ba su hana Kano da Katsina shafe tsararraki suna yaƙi da juna ba har zuwa sulhun tsakiyar ƙarni na 17, kuma garuruwan yamma irin su Ƙaraye da Godiya a bakin daga suke a duk tsawon wannan zamani. Manomin da yake wannan yanki yana zama Bakano ne saboda kuɗin ƙasarsa Kano yake tafiya, kuma ganuwar da yake fakewa a cikinta ta mutanen Sarkin Kano ce, ko da uwarsa Bakatsina ce.

Wannan tsari yana da ƙofar shiga, kuma tarihin Kano kusan gaba ɗayansa labarin masu shigowa ne. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zuwan malaman Fulani da littattafai a zamanin Yakubu a ƙarni na 15, sannan zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sunayen unguwannin birni har yau suna riƙe da wannan shaida, kamar Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Dandalin Turawa, inda Turawan da ake nufi Larabawan Arewacin Afirka ne, da Ayagi ta Yarabawa. Kuma jikokin mutanen da aka sanya wa unguwannin suna ba wanda yake musun cewa Kanawa ne. A karkara ma haka abin yake a ƙaramin ma'auni: baƙo yakan sauka wurin mai unguwa, a ba shi masauki, a yanka masa daji ya sare, ya yi caffa, wato ya miƙa wuya ga wani babba wanda zai tsaya masa a fada, ya biya abin da ake biya, ya ba da 'ya ya karɓi 'ya. Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma raɓar da ta ƙi tashi har damina uku ko huɗu takan wayi gari ita ma ta yi saiwa.

Misali mafi bayyana shi ne na Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga cikin Bugaje ne na ƙasar Azbin, suka zauna a karkarar Katsina da Kano, suka bar harshensu na farko, suka zama jagororin fataucin goro zuwa Gwanja. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji kuma ya rasu a 1955, daga Agalawa ya fito, kuma babu mai hankalin da zai ce gidansa ba gidan Kanawa ba ne. A wurin waɗannan fatake asali abin tunawa ne, yana amfani wajen neman aure da amana da bashi a zango mai nisa, amma bai zama katangar da ta hana su zama 'yan gari ba. Wasan taubasantaka da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarabawa, shi ma wata dabara ce ta riƙe bambanci a baki don kada ya sauka zuwa hannu.

Sai dai duk wanda ya tsaya a nan ya zana wa masu karatu aljannar da ba a taɓa yi ba. Ƙofar a buɗe take, amma cikin gidan hawa-hawa ne, kuma jihadin farkon ƙarni na 19 ya sake jera matakan. A yammacin birni ne, a Kwazazzabon 'Yar Kwando, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta Kano ta yi hijirarta, kuma Godiya, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Kabo, da Ƙaraye suna cikin garuruwan farko da yaƙin ya ci kafin Sarkin Kano Alwali ya bar birni a kashe shi a Burumburum a 1807. Ma'aunin da masu jihadi suka shelanta shi ne addini, kuma akwai malamai Hausawa a cikinsu, amma da ƙura ta lafa sai manyan sarautu suka tabbata a hannun zuriyoyin Fulanin da suka jagoranci yaƙin, wato Sulluɓawa da Yolawa da Joɓawa da Dambazawa da Danejawa da Munduɓawa, aka kuma riƙa kiran tsofaffin masu mulki Haɓe, kalmar Fulatanci da take nufin waɗanda ba Fulani ba. Daga zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819, gidan sarauta ya koma amfani da tsofaffin muƙaman Hausa, harshen fada ya zama Hausa, auratayya ta cakuɗa jini, har ya zama Bafulatanin birni ba ya jin Fulatanci. Duk da haka asalin Fulani ya ci gaba da zama tikitin sarauta, kamar yadda rashinsa ya ci gaba da zama alamar talaka a garuruwa da dama.

A ƙasan wannan mataki akwai Maguzawa, Hausawan da suka ci gaba da addinin gargajiya, waɗanda gidajensu suke warwatse a karkarar yammaci da kudancin Kano da kudancin Katsina, kuma waɗanda masani Ba'amurke Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a ƙarshen shekarun 1930 ya wallafa littafi a kansu a 1946. Malamai da yawa suna ganin sunan daga kalmar Larabci majusu ya samo tushe, kuma sanya su cikin wannan aji ya ba su matsayin ahalin zimma, wato waɗanda ba Musulmi ba da suke zaune ƙarƙashin kariyar hukumar Musulunci bisa sharaɗin biyan jiziya. An bar musu gonakinsu da giyarsu da tsafinsu da shugabanninsu, amma ba su da rabo a mulki. A nan akwai abin da ya cancanci a yi masa dogon kallo: mutanen da suka fi kowa daɗewa a ƙasar su ne suke a gefe, alhali malamin da ya sauka jiya daga Barno yana iya zama limami gobe. Daɗewar kaka a wuri, wadda ita ce ginshiƙin takardar indijin a yau, ba ta da wani nauyi a ma'aunin wancan zamani. Abin da yake da nauyi shi ne salla, kuma Bamagujen da ya musulunta yakan bar gidan gandu ya koma gari ya shiga sahun kowa, sau da yawa domin fatauci ko wata sana'ar da ba ta yiwuwa sai da amanar Musulmi.

Bayi kuma suna da nasu babin. Waɗanda aka kamo daga kudu aka zuba a rinji ba su da asalin da za su ambata, domin bauta ita ce yanke mutum daga danginsa, amma 'ya'yansu, cucanawa, sun tashi da Hausa da Musulunci, wasu suka fanshi kansu ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa yake biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa. Bayin sarki masu riƙe da muƙaman Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun fi hakimai da yawa ƙarfi a fada, kuma ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke wanda yake iya gadon sarauta. Turawa sun shelanta cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma har yau akwai gidajen da ake yin raɗa game da asalinsu idan maganar aure ta taso.

Zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, shi ya sauya yanayin tambayar daga wa kake bi zuwa daga ina ka fito. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 sun ja layi a tsakiyar ƙasar Hausa, sai Katsinawan Maraɗi, zuriyar sarakunan da jihadi ya kora waɗanda har yau sarkinsu yake amsa sunan Sarkin Katsina, suka zama talakawan Faransa ƙarƙashin dokar da take ba jami'in mulki ikon hukunta ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba, dokar da ba a soke ba sai 1946. Mutanen Getso kuma a idon dokar Ingila ba 'yan ƙasar Ingila ba ne, mutane ne da suke ƙarƙashin kariyarta, saɓanin wanda aka haifa a Legas. A cikin gida, mulki ta hannun sarakuna ya buƙaci kowane mutum ya zama na wata En'e, wato hukumar gargajiya mai baitulmali da alƙalai da 'yan doka. Aka fitar da hakimai daga birni suka tare a gundumominsu, malaman haraji suka bi gida-gida suna rubuta sunan kowane baligi a ƙarƙashin dagacinsa, masu ƙidaya suka buɗe shafi na ƙabila. Takardar haraji ta zama shaidar mutum ta farko, wadda ɗan cirani yake naɗewa a cikin hula ko laya don kada ɗan doka ya tare shi a hanya.

A birni kuwa bambancin ya zama na ƙasa da bulo. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka ware Tudun Wada domin 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, kuma Sabon Gari bai dawo ƙarƙashin En'e ba sai 1940. Bayaraben da ya zo a ƙarni na 19 ya sauka a Ayagi ya narke cikin Kanawa, ɗan'uwansa da ya zo a jirgin ƙasa aka ajiye shi a bayan ganuwa da kotunsa dabam da makarantarsa dabam, aka hana tukunyar da take dafa baƙi ta kai gare shi. Masanin nan ɗan Uganda, Mahmood Mamdani, ya yi bayani a littafinsa na 1996 cewa mulkin mallaka a Afirka ya raba mutane gida biyu, 'yan ƙasa masu haƙƙi a birane da talakawan sarakuna a karkara waɗanda ƙabila ce take tantance dokar da ta hau kansu, kuma cewa 'yancin kai ya kawar da bambancin launin fata amma ya bar na ƙabila a inda yake. Wanda ya san Kano zai ga gaskiyar maganar, ko da yake zai ƙara da cewa hawa-hawan ya riga Bature zuwa.

Siyasar shekarun 1950 ta ja igiyar ta fuska biyu. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950 kuma Malam Aminu Kano ya jagorance ta, ta tsaya a kan cewa talaka ɗan ƙasa ne mai haƙƙi a gaban hakimi, kuma magajiyarta PRP ce ta soke haraji da jangali a jihar Kano bayan Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979. Gwamnatin Sardauna kuma, saboda tsoron kada 'yan kudu masu ilimin boko su cika ofisoshi, ta ɗauki manufar fifita ɗan Arewa a aikin gwamnati tun daga tsakiyar shekarun 1950, sai kalmar ɗan Arewa ta zama matsayi mai amfani a aljihu, wanda ya haɗa Bahaushe da Batibi da Banufe a inuwa ɗaya ya bar Inyamurin Sabon Gari a rana. Matan Arewa kuwa, kowane irin asali gare su, ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Daga nan inuwar ta riƙa tsukewa. Wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo ya zarce Dayi zai tsallaka iyakar jiha ba tare da harshe ko abinci ko shigar mutane sun sauya ba, kuma kasuwanni da aure sun ɗinke ɓangarorin biyu tun fil azal. Amma wa da ƙanen da gonakinsu suke hagu da dama na wannan iyaka, waɗanda dukansu 'yan Arewa ne a 1966, sun wayi gari a 1967 ɗaya ɗan jihar Kano ɗaya ɗan jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Kaduna a 1976, sannan Katsina ta fita daga cikinta a 1987; a 1991 kuma aka yanke Jigawa daga Kano, sai ma'aikacin da ya fito daga Haɗeja ko Gumel ya zama baƙo a ofishin da ya tsufa a ciki. Kowace sabuwar jiha takan haifi sababbin baƙi a dare ɗaya, kuma bambancin yana bayyana a kuɗin makaranta da gurbin aiki da tallafin karatu. Ko masarauta ma ba ta tsira ba: dokar 2019 ta sanya Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye, aka soke dokar a watan Mayun 2024, sai mutanen Getso suka sauya sarkin yanka sau biyu cikin shekara biyar ba tare da kowa ya matsa daga zaurensa ba.

Tushen matsalar a rubuce yake. Tsarin mulkin 1960 ya dogara ne ga wurin haihuwar mutum da na iyayensa ko kakanninsa, amma na 1979 ya shigo da sharaɗin kasancewa daga al'ummar da take 'yar asalin Najeriya, kuma na 1999 ya riƙe shi a sashe na 25 ga waɗanda aka haifa kafin samun 'yancin kai. Sashe na 14 ya kafa tsarin raba daidai, wato kada wata jiha ko ƙabila ta mamaye muƙaman gwamnati, sashe na 147 ya wajabta a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha wanda ɗan asalinta ne, kuma an kafa hukumar raba daidai a 1996 domin sa ido. Manufar ba abin raini ba ce, domin ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana da dalilin tsoron mamaya, kuma yankunan karkara irin su Gwarzo da Kabo, inda boko ya makara, suna cikin waɗanda suka ci moriyarta. Sai dai tsarin mulkin da ya haramta nuna bambanci saboda asali a sashe na 42, kuma ya umarci hukuma ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina a sashe na 15, shi ne kuma ya ƙi fayyace shekarar da ake fara ƙirga asali, ya bar hukuncin a hannun ƙananan hukumomi 774. Ba a tanadi wata hanya ta zama ɗan asali ta hanyar daɗewa ko biyan haraji ba, kuma macen da ta yi aure a wata jiha, bisa ƙa'idar hukumar raba daidai, tana nan a matsayin 'yar jihar ubanta ko da ta haifi jikoki a gidan mijinta.

A yammacin Kano tsohuwar al'adar haɗiye baƙo tana rage wa dokar kaifi, amma ga wasu kawai. Jikan Buzu mai gadi ko na Bazabarme mai tallan yadi, idan Musulmi ne mai Hausa a baki kuma mai unguwa ya san ubansa a sahun masallaci, da wuya a hana shi takarda. Jikan Inyamurin da ya buɗe shagon magani a garin tun kafin a haifi shugaban ƙaramar hukuma, shi za a ce ya tafi garinsu, garin da wataƙila bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba. Hausawa Kirista, waɗanda yawancinsu jikokin Maguzawa ne, ba mai iya musun asalinsu, amma sukan yi kukan cewa suna da addini suna sa a dube su kamar baƙi a ƙasar kakanninsu. Wato ma'aunin daular Shehu Usmanu, na harshe da salla, yana nan yana aiki a ƙarƙashin ma'aunin takarda, kuma wanda ya dace da duka biyun ne kaɗai ba ya jin nauyin ko ɗaya.

Bahaushe yakan gane zafin abin ne idan ya bar gida. A Jos, inda Hausawa suka zauna tun zamanin haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, rikicin 1994 da na Satumban 2001 duka sun biyo bayan naɗa Bahaushe a wani muƙami a Jos ta Arewa, na 2008 kuma ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar, kuma a ƙarƙashinsu duka akwai gardamar wa ya cancanci takardar indijin. A Zangon Katab a 1992 batun mayar da kasuwa ne ya tono tsohuwar tambayar masu ƙasa da baƙi. A Gana, dokar da gwamnatin Busia ta kafa a 1969 ta kori ɗimbin mazauna zango, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can, kuma Najeriya ta yi irin wannan kora a 1983. A Sudan, zuriyar alhazai da ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno sun shekara fiye da ɗari a bakin kogin Nilu, amma a 2022 neman da Hausawan jihar Bulu Nayil suka yi na a ba su masarautarsu ya ƙare da zubar da jini, bisa hujjar cewa ƙasar ba ta kakanninsu ba ce. Ko babban ɗan siyasa bai tsira ba, domin a 1980 gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Barno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Mutumin da yake ɗan gida a Getso shi ne baƙo a Filato, kuma hujjar da ake kafa masa a can ita ce wadda ƙaramar hukumarsa take kafa wa wani a nan.

Gardamar ba ta Afirka kaɗai ba ce, domin birnin Atina na tsohuwar Girka ya taɓa sharɗanta cewa sai wanda uwa da uba duka 'yan birnin ne zai zama ɗan ƙasa, daular Rum kuma a shekara ta 212 ta ba kusan duk 'ya'yan da suke cikinta wannan matsayi, Jamus ma ba ta sassauta dokarta ta gadon jini ba sai a shekara ta 2000. Abin da ya bambanta Najeriya shi ne katangar a cikin gida take, tsakanin masu fasfo iri ɗaya. A 'yan shekarun nan ma tsagar ta fara shiga inda aka ɗauka ta warke, domin rikicin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ya sa ana tuhumar Bafulatanin ruga saboda kamanninsa, kuma a Facebook an sami masu neman a raba Hausa da Fulani a ƙirga kowa dabam, abin da ƙidayar 1991 da ta 2006 suka guje wa da gangan ta hanyar ƙin tambayar ƙabila da addini. A garuruwa irin su Getso da Kutama da Garo, inda gida ɗaya yake iya haɗa kaka Bafulatana da kaka Bamaguje da suruki Bakatsine, duk mai son yin wannan rabo sai ya fara da tsaga ɗakin uwarsa.

An sha kawo shawarar a mayar da ma'aunin zuwa zama maimakon asali. Ta baya-bayan nan ita ce ƙudurin gyaran tsarin mulki da mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar, wanda ya nemi a ba mutum matsayin ɗan asalin jiha ta hanyar haihuwa ko aure ko zaman shekara goma. Suka ta taso masa daga sassa dabam-dabam na ƙasar, kowane ɓangare yana hango baƙon da yake tsoro, masu tsoron Bahaushe da Bafulatani a wani wuri, masu tsoron Inyamuri a wani, kuma a watan Yulin 2025 mai ƙudurin ya janye shi.